Kanina, kada ka sa hannu a wannan kwantiragi tukuna

Kanina na karanta sakonka, kace ka hada sabuwar wakarka ta dark techno (wani salon kidan na'ura ne na rawa a kulob), wani kamfanin wakoki a Balin, babban birnin Jamus, yana so ya fitar da ita a Beatport, shafin sayar da wakoki a intanet, amma ka yanko dan guntun kalangu da muryar wani mawaki daga tsohon kaset ka sa a ciki, wai dakika uku ne kawai ba komai. Toh gaskiya akwai komai.

Tunda a Jamus za'a fitar, dokarsu zata hau kanka, kuma su basa wasa da wannan. Kraftwerk, wata kungiyar mawakan Jamus, sun kai furodusa Moses Pelham kotu akan yankan dakika biyu kacal, a 2019 kotun Tarayyar Turai tace in ka dauki sauti daga rikodin din wani sai da izini, sai fa in ka canza shi har kunne baya iya gane shi. Kai kuma muryar nan ita ce gishirin wakar, kowa yaji zai gane. Kuma hakki biyu ne, na wakar kanta wanda yake hannun magada har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, da na rikodin din wanda galibi yake wajen wanda ya dauka ya buga kaset din.

Abinda yafi damuna shine layin nan na kwantiragin da ka turo min inda kake tabbatar wa kamfanin cewa komai na cikin wakar naka ne. Ranar da takardar gargadin lauya ta iso, wadda suke cewa Abmahnung, kamfanin zai nuna wannan layin ya dora maka nauyin, kai zaka biya diyya da kudin lauyan, a sauke wakar kuma.

Mafita mafi kyau ka nemo iyalan mawakin da mai kaset din kuyi yarjejeniya a rubuce, kudi ko kaso, ai hakkinsu ne. In bai yiwu ba ka cire muryar, ka dauko makadi ya buga maka kalangu sabo ka biya shi ya sa hannu.

Sannan kace wa kamfanin su rubuta shekara nawa zasu rike wakar da kason ka, kayi rajista da GEMA, kungiyar da take karbar wa masu waka kudin hakkinsu a Jamus, kafin ta fita saboda kudin kunnawa a kulob, kuma ka nuna wa lauyan da yake aiki a Jamus takardar kafin ka mayar musu.