Sarki Niro na Rum: da gaske azzalumi ne ko sharri aka yi masa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya akan Niro sarkin Rum. Tun muna sakandare ake ce mana shi ya cinna wa birnin Rum wuta sannan ya hau sama yana kiɗa yana kallo. To kwanan nan naji wasu suna cewa duk ƙarya ce, wai mutumin kirki ne, talakawa na sonsa, manya ne kawai suka ɓata masa suna. Wanne zan ɗauka a ciki? Daga wani ɗalibin tarihi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A taƙaice dai Niro azzalumi ne, wannan bana shakka a kai, sai dai laifin da aka fi saninsa da shi, wato maganar gobarar nan, shi ne wanda hujjarsa ta fi kowacce rauni, laifukan da suka tabbata a kansa kuma su ne mutane ba su cika ambata ba. Shi yasa duka ɓangarorin biyu da kaji kowa ya riƙe rabin magana.

Mu fara da su waye suka ba mu labarinsa, domin nan masu kare shi suke da gaskiya. Niro ya hau mulki a shekarar 54 miladiyya yana ɗan shekara 16, ya mutu a 68 yana da 30. Kusan duk abin da ake faɗa a kansa daga mutum uku ya fito: Tasitus, Suwetoniyus da Kasiyus Diyo. Tasitus yaro ne ɗan wajen shekara 12 lokacin da Niro ya mutu, Suwetoniyus ma bayan mutuwar aka haife shi, shi kuwa Diyo sai bayan kusan shekara 150 yayi nasa rubutun. Kuma Tasitus da Diyo sanatoci ne, 'yan majalisar dattawa, ajin mutanen da Niro ya fi takurawa, ya kashe na kashewa ya ƙwace dukiyar na ƙwacewa. Ga kuma wani abu, Niro shi ne na ƙarshe a gidan sarautar Agusta, sarkin Rum na farko, bai bar magaji ba balle a samu wanda zai tsaya ya kare sunansa, gidan Besfasiyan da ya karɓi mulki a 69 kuma yana buƙatar a ɗauka cewa wanda ya gabata lalatacce ne domin nasu hawan ya halatta. Duba Kalaudiyus wanda Niro ya gada, Suwetoniyus da kansa ya ce ya kashe sanatoci 35 da manyan masu hali sama da 300, amma da ya mutu sai majalisa ta sa shi cikin allolinsu, saboda wanda ya gaje shi ɗan gidansa ne. Har Josefus marubucin Yahudawa wanda yayi zamani da Niro ya koka cewa masu rubuta tarihinsa wasu son rai yasa sun yabe shi, wasu ƙiyayya tasa sun yi masa ƙarya.

To gobara. Ta tashi ne a watan Yuli na 64 a shagunan da ke gefen babban filin sukuwa na birnin, shagunan cike da kaya masu saurin cin wuta, ga zafin bazara ga iska, ga lunguna matsattsu da gidajen sama na katako a manne da juna. Ta ci kwana 6, aka ga kamar ta mutu sai ta sake tashi ta ƙara kwana 3. Cikin unguwanni 14 na birnin 3 sun ƙone ƙurmus, 7 saura kango, 4 ne kawai suka tsira. A lokacin Niro baya ma gari, yana Antiyum mahaifarsa a bakin teku, wajen kilomita 50 daga Rum, kuma gidansa na sarauta yana cikin abin da wutar ta cinye. Da ya dawo ya buɗe gine-ginen gwamnati da lambunansa ga waɗanda suka rasa matsuguni, ya sa aka kafa musu rumfuna, aka kawo abinci daga tashar jiragen ruwa ta Ostiya, ya karya farashin hatsi. Bayan nan ya kafa dokar gini, a faɗaɗa tituna, a rage tsayin benaye, a daina haɗa katanga ɗaya tsakanin gida biyu, a yi amfani da dutsen da baya cin wuta, kowa ya ajiye kayan kashe gobara a gidansa. Duk wannan fa Tasitus ne ya rubuta, mutumin da baya ƙaunarsa ko kaɗan, kuma shi ɗin ne ya ce ba a tabbatar ko tsautsayi ne ko aikin sarki ba. Maganar waƙa ma a matsayin jita-jita ya kawo ta, cewa an ce ya hau dandamali a cikin gida ya rera waƙar rushewar Taroy, wani tsohon birni da labaran Girkawa suka ce an ƙone shi a yaƙi. Suwetoniyus ya ce daga kan wata hasumiya yayi, Diyo ya ce daga saman fada, kaga kenan wuri uku daban a labari ɗaya. Goge kuwa da ake zana shi da shi, sai bayan ɗaruruwan shekaru Turawa suka san shi, abin da Niro yake kaɗawa kitara ce, mai tsirkiya da ake kaɗawa da hannu.

Amma fa zargin bai faɗo daga sama ba. An ga mutane suna jefa wuta suna cewa umarni aka ba su, ko da gaske ne ko ɓarayi ne masu neman damar sata, Tasitus ya bar abin a buɗe. Wuta ta biyu kuma a filin Tigelinus ta tashi, shugaban dogaransa. Sannan toka bata gama hucewa ba ya kama wani makeken fili a tsakiyar birni ya fara gina wa kansa fadar da ake kira Gidan Zinariya, da tafki da gonakin inabi da dawa ta namun daji da gunkinsa mai tsayin sama da mita 30. Mutumin da gidansa ya ƙone yana kwana a rumfa ya ga wannan, me kake so ya ce? Ni a nawa nazarin Niro bai sa wutar ba, amma ya ci moriyarta ba kunya, kuma kuɗin ginin daga larduna aka tatso su, har dukiyar wuraren bauta ta Girka da Asiya aka kwashe, a wannan lokacin ne ma aka rage nauyin kuɗin zinariya da yawan azurfar da ke cikin dinari, wato kuɗinsu na azurfa.

Abin da yayi domin ya wanke kansa daga zargin shi ne babban ta'asa. Ya ɗora laifin akan Kiristoci, lokacin 'yan tsiraru ne marasa gata a birnin, aka kama su, wasu aka lulluɓe su da fatun dabbobi aka saki karnuka suka yayyaga su, wasu aka gicciye, wasu aka cinna musu wuta da dare suka zama fitilu a lambunsa, shi kuma yana zagayawa cikin kayan mahayin keken doki. Tasitus baya son Kiristoci ko kaɗan, amma ya ce har jama'a sai da suka tausaya musu domin sun gane zaluncin mutum ɗaya ake gamsarwa. A ruwayar coci a zamaninsa aka kashe Bitrus da Bulus, manyan manzannin Kiristoci, wannan yasa sunansa ya ƙara baƙi har ƙarnoni, domin bayan faɗuwar Rum malaman coci ne suka ci gaba da kwafar littattafai.

Yanzu mu shiga cikin gidansa, nan ne masu cewa mutumin kirki ne suke yin shiru. A 55 Biritanikus ɗan Kalaudiyus na cikinsa, yaron da bai cika shekara 14 ba, ya faɗi ya mutu ana tsakar cin abinci, Niro ya ce farfaɗiya ce, marubutan suka ce guba. To wannan a bar shi a matsayin mai shakka tunda babu likitan da zai tabbatar mana yau. Amma mahaifiyarsa fa? Agiripina, wadda ta yi duk kutun-kutun ɗin da ya kai shi kan mulki, a 59 ya sa aka shirya mata jirgin ruwa da zai wargaje a tekun Nafoli, Allah yasa ta iya iyo ta kai gaɓa, a daren sai ya tura sojoji suka same ta a ɗakinta suka kashe ta. Wannan ba sirri bane da maƙiya suka ƙirƙira bayan shekaru, shi da kansa ya aika wa majalisa wasiƙa, wadda malaminsa Seneka ya tsara masa, yana cewa ita ce ta ƙulla kashe shi, majalisa ta yi ta taya shi murnar tsira, sanata guda mai suna Tarasiya ya tashi ya fice. A 62 kuma ya saki matarsa Oktabiya 'yar Kalaudiyus domin ya auri Popiya, talakawan Rum suka fito kan titi suna goyon bayan Oktabiya har suka tumɓuke gumakan amarya, sai aka laƙa mata sharrin zina aka kai ta wani tsibiri aka kashe ta, aka kawo kanta Rum, yarinya 'yar shekara 20 da 'yan kai. A shekarar ne aka kashe wasu manya biyu, Sulla da Pulatus, laifinsu kawai suna da dangantaka da gidan sarauta. Mutuwar Popiya a 65 da aka ce shurinta yayi tana da ciki, wannan na iya zama ƙari, mace na iya rasuwa a goyon ciki a wancan zamani ba tare da kowa ya taɓa ta ba, bana kafa hujja da shi.

A 65 an gano wata maƙarƙashiya ta gaske ta kashe shi ƙarƙashin wani sanata Piso, kowane sarki zai hukunta masu hannu, amma Niro ya wuce gona da iri. Seneka da ya rene shi an tilasta masa ya kashe kansa ba tare da wata ƙwaƙƙwarar shaida ba, a 66 Tarasiya ya bi, wanda laifinsa bai wuce ƙaurace wa majalisa da ƙin yi wa sarki tafi ba. Wanda ya fi ci min rai shi ne Korbulo, janar ɗin da ya yaƙi Fartiyawa, masu mulkin ƙasar Farisa a lokacin, akan Armeniya ya samo sulhun da ya daɗe wajen shekara 50, wanda har yau cikin nasarorin Niro ake lissafa shi, aka kira shi Girka da girmamawa, yana sauka daga jirgi aka ba shi umarnin ya kashe kansa. Daga nan duk wani gwamna mai sojoji ya gane cewa biyayya bata tsirar da kowa, shi yasa a 68 gwamna Bindeks ya yi tawaye a Gol, wato Faransa ta yanzu, gwamna Galba ya bi a Sifaniya, dogarai suka juya masa baya, majalisa ta ayyana shi maƙiyin ƙasa, ya gudu gidan wani 'yantaccen bawansa a bayan gari ya soke kansa a wuya ranar 9 ga Yuni.

Maganar cewa talakawa na sonsa gaskiya ce, kada ka yi musu da mai faɗar haka. Shekarunsa 5 na farko lokacin Seneka da Burus, shugaban dogarai na lokacin, suna riƙe da al'amura an yi mulki mai kyau, a 58 ya sa aka bayyana dokokin haraji a fili domin masu karɓa su daina cutar mutane, ya gina wuraren wanka da kasuwa, yana raba kyauta yana shirya wasanni. Wani ɓangare na tsanar da manya suka yi masa ma ba don jini bane, don yana hawa dandamali yana waƙa yana tseren keken doki ne, sana'ar da a wurinsu ta ƙasƙantattu ce, ya tafi Girka daga 66 zuwa 67 ya dawo da kambun nasara 1,808, har da na tseren da ya faɗo daga keke bai ƙarasa ba. Bayan mutuwarsa mutane sun daɗe suna kai furanni kabarinsa, kuma sau 3 wani yana fitowa a gabas ya ce shi ne Niro ya samu mabiya, na ƙarshe kusan shekara 20 bayan mutuwar.

Sai dai son da talaka yake yi wa sarki baya goge jinin da sarkin ya zubar, kuma ko wannan son akwai inda aka gwada shi. A 61 wani bawa ya kashe ubangidansa Pedaniyus, magajin garin Rum, tsohuwar doka kuma ta ce a kashe duk bayin da ke gidan, su 400 har da mata da yara. Talakawa suka fito da duwatsu da wuta suka tare hanya suna cewa ba za a kashe marasa laifi ba. Niro yana da ikon yin afuwa, abin da yayi kawai shi ne ya hana a haɗa da 'yantattun bayin gidan a kora, sannan ya fitar da sanarwar tsawata wa jama'a, ya jera sojoji a bakin hanya tun daga farko har wurin kisa aka wuce da su.

Saboda haka in za ka rubuta a jarrabawa ko ka yi muhawara da abokanka, ka ce babu hujja mai ƙarfi cewa shi ya sa gobarar 64, labarin kiɗan kuma jita-jita ce tun a wancan lokaci, amma kisan Agiripina da Oktabiya da Seneka da Korbulo da azabtar da Kiristoci suna nan daram. In ka samu Tasitus ka fara da shi kafin sauran biyun, domin shi ne yake bambance maka abin da ya tabbatar da abin da kawai yaji ana faɗa, sai dai ka sani rubutunsa da ya iso mana ya yanke ne a shekarar 66, shekaru 2 na ƙarshe dole sai ka koma wurin Suwetoniyus da Diyo.