Sabuwar Laftof, Baƙon Tsari: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Ni ma'aikaciyar lissafin kuɗi ce a wani ƙaramin kamfani, kuma tun da na fara aiki Windows na sani. Laftof ɗina ta tsufa, ƙanwata kuma ta dame ni da in sayi MacBook Air. Tsorona kada in saya in kasa sarrafa ta. Aikina Excel ne da Word, sai wata manhajar lissafi da ofishinmu ke amfani da ita.

Amsa: Malama, batun kasa sarrafawa ki cire shi daga ranki. Kwanakin farko za ki sha haushi, babu shakka, kamar wanda ya tare a sabon gida yana laluben makunnin fitila a inda ya saba samunsa a tsohon. Ƙaramin yatsanki zai riƙa neman Ctrl, alhali a Mac maɓallin Command ne ke wannan aikin: Command da C a kwafa, Command da V a liƙa. Za ki danna jan ɗigon da ke saman taga ta hagu ki ɗauka kin rufe Word, ashe tagar kawai kika rufe, manhajar tana nan tana aiki sai kin danna Command da Q. Za ki zaɓi fayil ki buga Return, wato maɓallin Enter, don ya buɗe, sai ki ga kwamfutar tana jiran ki sauya masa suna. Duk waɗannan hannu ne ke koyonsu, kuma ba ya daɗewa.

Ni abin da ya tsaya mini a wasiƙarki shi ne wannan manhajar ofis da kika ambata a ƙarshe kamar ba komai ba. Manhajar Windows, irin wadda sunan fayil ɗinta ke ƙarewa da .exe, ba ta tashi a kan Mac. A da akwai Boot Camp, wanda ke ba mutum damar ɗora Windows a gefe guda na Mac ɗinsa. Amma daga Nuwamban 2020, da Apple ta fito da furosesarta mai suna M1 ta fara barin ta Intel, sababbin Mac ba su da wannan hanya. Abin da ya rage shi ne irin su Parallels Desktop, manhajar da ake biya, wadda ke tafiyar da Windows a cikin wata taga. Windows ɗin ma nau'in ARM ne, wato wanda ke tafiya a kan irin furosesar sababbin Mac, kuma yana buƙatar nasa lasisin. Manhajoji da yawa suna aiki lafiya a haka, sai dai waɗanda ke tafe da wata na'ura da ake soka musu, ko tsohuwar firinta, sukan yi gardama. Saboda haka kafin ki fitar da ko sisi, ki je wurin mai kula da kwamfutocin ofishinku ki tambaye shi abu biyu: manhajar tana da nau'in Mac? In ba ta da shi, ana iya shiga ta ta burawuza? In amsar duka biyun a'a ce, ki sayi Windows, ƙanwarki ta yi haƙuri.

Word da Excel akwai su a Mac, kuma fayilolinki za su buɗe yadda suke. Access ne babu. Excel ɗin Mac kuma ba shi da Power Pivot, kayan nazarin manyan bayanai, sannan wasu makro, wato umarnin da ke yin aiki kai tsaye, da aka rubuta musamman don Windows sukan tsaya a hanya. Ki ɗauki fayil mafi nauyi da kike aiki da shi a ƙarshen wata, ki buɗe shi a Mac ɗin ƙanwarki in tana da shi, ko na wani, ki yi aikin awa guda na gaske. Wannan gwajin ya fi duk bidiyon da za ki kalla, kuma zai hana ki sayen kifi a ruwa.

In komai ya tafi daidai kika saya, ga wani tarko da ke kama kusan kowa. Faifan ajiya na waje da aka saba amfani da shi a Windows yawanci tsarin NTFS gare shi. Mac tana karanta abin da ke ciki, amma ba ta rubutu a kai, sai mutum ya zaci faifan ne ya lalace. Tsarin exFAT ne ke aiki a ɓangarorin biyu. Amma fa sauya tsarin faifai yana goge duk abin da ke cikinsa, don haka sai an kwashe kayan zuwa wani wuri tukuna. Apple tana da Migration Assistant da ke kwaso takardu da hotuna daga tsohuwar kwamfuta, ban da manhajoji. Tsohuwar kuma kada ki sayar ko ki kyautar sai kin rufe lissafin wata guda cur a kan sabuwar.

Tambaya: 'Yata za ta shiga jami'a. Na ga Chromebook ta fi sauran araha sosai. Ta isa ɗaliba?

Amsa: Malam, ya danganta da abin da za ta karanta. Chromebook, laftof mai tsarin ChromeOS na Google, kusan komai nata a burawuza ake yi, tare da manhajojin Android. In karatu ne da rubuta aikin gida da bincike a intanet, ta wadatar, tana tashi da sauri kuma ba ta da yawan laulayi. In kuwa sashen nasu zai nemi a ɗora irin su SPSS ta nazarin alƙaluma ko cikakkiyar AutoCAD ta zanen injiniyoyi, ba za su hau ba. A tambayi sashen kafin a saya.

Sannan ka duba wa'adinta. A 2023 Google ta sanar da cewa Chromebook da suka fito daga 2021 za su samu sabuntawa na shekara 10, amma lissafin yana farawa ne daga lokacin da samfurin ya fito, ba ranar da ka biya kuɗi ba. Wata arahar, tsohon samfuri ne da ya cinye rabin wa'adinsa a cikin kwali. Ranar ƙarewar tana rubuce a cikin saitin kwamfutar, a sashen bayanin ChromeOS.

Tambaya: Na yi ritaya. Kwamfutata lafiyarta ƙalau, amma ta ce ba za ta iya karɓar Windows 11 ba. Jikana ya ce kada in sayi sabuwa, zai sa mini Linux. In yarda?

Amsa: Baba, jikanku bai faɗi ƙarya ba. Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai wani ɗan ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajistar shirin sabuntawar tsaro. Windows 11 kuma tana neman wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesa ta zamani, shi ya sa kwamfutoci masu rai da lafiya da yawa suka rasa shiga. Taku ba za ta mutu ba, amma duk ɓarakar tsaro da aka gano daga baya babu mai toshe ta, kuma ba na so ku riƙa shiga asusun banki da ita a haka.

Linux wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne kamar Windows, kyauta ce, kuma nau'inta mai suna Linux Mint ita na fi yaba wa wanda ya taso da Windows, don jerin manhajojinta yana ƙasa ta hagu inda idonku ya saba. Tana zuwa da Firefox da LibreOffice. LibreOffice tana buɗe takardun Word, ko da yake wani lokaci shafi kan ɗan goce, musamman mai tebur da yawa. Abin da ya fi daɗi, ana iya gwada ta ba tare da an taɓa komai ba: jikan ya ɗora ta a kan filasha, ya tayar da kwamfutar daga filashar. Ku zauna kusa da shi ku ga Wi-Fi ya kama, sauti ya fito, kyamara ta nuna fuskarku, firinta ta buga shafi ɗaya. In ɗaya ya ƙi, a zare filashar, Windows ɗinku na nan yadda kuka bar ta.

Sai dai ina da sharaɗi biyu. Na farko, ya kwafe hotunanku da takardunku zuwa wani faifai daban, ku buɗe su ku gani da idonku kafin ya fara girkawa, domin zaɓi ɗaya a cikin girkin yana share kwamfutar tas. Na biyu ya shafi shi kansa jikan. Masu gyaran da suka san Linux ba su kai na Windows yawa ba, saboda haka ku tambaye shi ko yana kusa, kuma ko yana ɗaga waya. In makaranta zai koma ya bar ku da ita wata shida, gara ku lallaɓa ku sayi matsakaiciyar laftof mai Windows 11, ita kuma tsohuwar ku bar masa ya yi ta gwaje-gwajensa a kanta.