Tambayoyin Masu Karatu: Shin da Mugunta Ake Haihuwar Mugu?

Wata malamar firamare daga Azare ta tambaya: tun da Bahaushe ya ce "hali zanen dutse", shin yana nufin da mugunta ake haihuwar mugu, har tarbiyya ta zama wahalar banza?

Malama, farkon amsar yana cikin kalmar "hali" kanta. Daga Larabci muka aro ta, inda take nufin yanayin da mutum ya samu kansa a ciki, kuma saiwarta ɗaya da kalmomin da ke nuna juyawa da sauyawa. Wannan ma'ana tana nan daram a bakinmu, shi ya sa muke cewa "halin da ake ciki", ko "ba ni da hali" idan abin hannu ya yi ƙaranci. Ɗaya ma'anar, wato ɗabi'a, ita ce ta shiga karin maganar. To amma a dubi zanen da kyau. Zanen da ke jikin duwatsun Geji da na Shira, nan jihar Bauchi, ya daɗe ƙwarai rana da iska ba su shafe shi ba, sai dai ba da shi aka halicci dutsen ba. Wani ne ya tsaya ya zana da hannunsa. A fahimtata, karin maganar gargaɗi ne ga mai zanen, wato uwa da uba da malami irinki, domin abin da kuka zana zai yi wuyar gogewa. Ɗan'uwansa shi ne "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi".

Wannan ya dace da hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa a kan fiɗira, wato tsarkin asali, ake haihuwar kowane yaro, iyaye ne ke karkatar da shi. Gaskiya ne muna cewa "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe", amma mu ne kuma ke cewa "albasa ba ta yi halin ruwa ba", saboda haka Bahaushe bai miƙa wa gado hukuncin duka ba.

Wani ɗan kasuwa daga Kumo kuma ya ce yana jin ana cewa "rama cuta ga macuci ibada ne", ana kuma cewa "alheri danƙo ne", wanne zai riƙa?

Ɗan'uwa, na farkon maganar zafin rai ce, ba aya ba ce ba hadisi ba, kuma ina baƙin cikin yadda kalmar "ibada" ke sa matasa su ɗauke shi fatawa. Na biyun cikonsa shi ne "ba ya faɗuwa ƙasa banza", domin danƙo duk inda ya faɗi sai ya manne ya ɗauko wani abu. Aya ta 34 ta Suratu Fussilat ta yi umarni da a tunkuɗe cuta da abin da ya fi kyau, sai ga maƙiyi ya zama kamar masoyi na kusa.

Na ga haka da idona a unguwarmu ina yaro. Wata maƙwabciya ta shekara tana yi wa mahaifiyata habaici ta kan katanga, ba ta taɓa tanka mata ba. Da matar ta haihu mijinta ba ya gari, sai Inna ta ɗora mini itacen wankan jego a ka, ta riƙo ƙwaryar kunun kanwa, muka shiga gidan da sallama. Matar ta sunkuyar da kai ta kasa amsawa, hawaye na ɗiga a kan zanen goyon. Ranar suna, ita da bakinta ta roƙi Inna ta zama uwar ɗakinta, kuma har Inna ta rasu "Yaya" take kiranta.