Hukuncin Karanta Ƙagaggun Labaran Matsafa da Dodanni

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan karanta littattafan nan na zamani da marubuci ke ƙago duniyarsa da kansa, da taswirarta da sarakunanta da matsafa da dodanni masu feshin wuta, wani lokaci har da gumakan da mutanen labarin ke bauta wa. Wani labarin yakan kai juzu'i bakwai ko goma. Wata ƙawata ta ce wannan ƙarya ce zalla kuma sihiri ne, wai mai karantawa na iya barin Musulunci. Hankalina ya tashi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ba ki fita daga Musulunci ba. Ƙawarki ta haɗa abubuwa uku a ƙwarya ɗaya, bari mu rarrabe su.

Batun ƙarya tukuna. Ƙaryar da Shari'a ta hana ita ce ka faɗa wa mutum abin da bai faru ba don ya ɗauka ya faru. A kanta ne hadisin Abu Dawuda da Tirmizi ya yi gargaɗin azaba ga mai shara ƙarya don ya ba mutane dariya. Amma wanda ya ce "ga ta nan, ga ta nanku" bai yaudari kowa ba, domin shi da mai saurare sun san tatsuniya ake yi. Malamai sun daɗe da sanin wannan. Ibnul Muƙaffa ya fassara Kalila wa Dimna zuwa Larabci a ƙarni na biyu na Hijira, ga zaki da diloli suna magana, malamai suka karanta suka amfana. Hariri, wanda ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira, ya ƙagi mutanen Maƙamarsa, wato littafinsa na labarai, har yau ɗalibai na karanta ta gaban malamai. Ibnu Hajar Alhaitami ma ya bayyana a littafinsa Tuhfa cewa ya halatta a saurari labarin da aka tabbata ƙage ne idan ana nufin buga misali da wa'azi da koyar da halin kirki. Don haka ƙagen kansa ba shi ne laifin ba.

Sai sihiri, kuma nan ne ake buƙatar natsuwa. Sihiri yana cikin abubuwa bakwai masu halakarwa da suka zo a Buhari da Muslim, aya ta 102 a Suratul Baƙara kuma ta danganta koyar da shi da kafircin shaiɗanu. Sai dai abin da aka hana shi ne yin sa, da koyon sa, da zuwa wurin masu yin sa. Karanta labarin wani ya yi ba yi ba ne. Alƙur'ani da kansa ya ba mu labarin matsafan Fir'auna da igiyoyinsu, ya kuma kawo mana maganar Fir'auna ta cewa shi ne ubangiji maɗaukaki. Daga nan malamai ke cewa mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne. Kuma galibin abin da waɗannan littattafai ke kira tsafi, marubucin ne ya zauna ya tsara masa dokoki kamar wasan dara: yarinya ta furta wata kalma da babu ita a kowane harshe, kogi ya daskare. Ko kin maimaita kalmar sau dubu babu abin da zai motsa.

Inda zancen ke canzawa shi ne idan littafin ya ɗauko abin da bokaye na gaske ke yi, kamar kiran aljanu da hatimi, ko duba da taurari, ko duba da kati, ya shimfiɗa shi daki-daki yadda mai karatu zai iya gwadawa. Wannan darasi ne aka lulluɓe da labari, karanta shi haramun ne. Ki tuna hadisin Muslim cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in.

Gumakan labarin kuwa, a duba zuciyar mai karatu. Babba mai sanin tauhidinsa da ke kallonsu yadda yake kallon dodon labarin, babu komai a kansa. Wanda ya fara jin shakka, ko littafin da aka gina shi kacokan kan izgili ga Mahalicci da annabawa, wajibi ne a ajiye. Yaro da bai gama bambance ƙage da gaskiya ba, sai iyaye sun tace masa.

A gaskiya, abin da na fi ji miki tsoro ma ba ki tambaya ba. Da yawa daga cikin littattafan wannan fanni da ke fitowa yanzu, musamman masu haɗa shi da soyayya, suna ɗauke da batsa tsirara, babi guda ana siffanta abin da ke faruwa a shimfiɗa. Bangon littafin takobi ne da fure, cikinsa kuwa ba ya karantuwa a gaban mahaifi. Mutane na ta muhawara kan dodo, wannan kuma ya wuce ta gefensu. Irin wannan haramun ne ba tare da wani dogon bayani ba, kuma cewa "zan tsallake wurin" yawanci yaudarar kai ce.

Ga kuma lokaci. Malaman tafsiri da dama sun ambaci cewa aya ta 6 a Suratu Luƙman, mai zargin sayen zancen shagala, ta sauka ne kan Nadru bin Haris, wanda yake ba Ƙuraishawa labaran Rustum da Isfandiyar na Farisa don ya janye su daga sauraron Alƙur'ani. Laifin nasa janyewar ce. Labari mai juzu'i goma an gina shi ne yadda kowane babi zai ƙare da abin da zai hana ki rufewa. Idan "bari in ƙarasa wannan babin" ya kai ki ƙarfe uku na dare har Asuba ta kuɓuce, to halal ɗin ya ja ki zuwa haram.

Saboda haka asalin karantawa halal ne, hukuncin kuma yana bin kowane littafi da abin da ke cikinsa. Kafin ki fara sabon jeri, ki nemi bayanin abin da ya ƙunsa daga waɗanda suka riga ki karantawa, domin barin littafi a shafin farko ya fi sauƙi a kan barin sa a juzu'i na huɗu. Ƙawarki kuma ki gaya mata cikin lalama ta rage saurin kafirta Musulmi, kalma ce mai nauyi da kan koma kan mai faɗin ta.

Wallahu a'alam.