Wata huɗu shiru daga wakilan marubuta: in biya kuɗin karatu ko in ci gaba da jira?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Nima, nan Accra. Na kammala littafin labari da Turanci, na aika wa wakilan marubuta na Landan da New York takardar neman wakilci tun watan Yuli. Biyu sun ce a'a, sauran shiru kamar an shuka dusa. Yanzu wani ya turo mini imel, ya yabi littafin sosai, ya ce in tura dala 300 kuɗin karatu zai sa ni gaban layi. Wallahi barci ya ƙaurace mini. Shirun nan yana nufin littafin ba shi da kyau? In biya ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki tura masa ko sisi. Zan dawo kansa, amma bari in fara sanyaya miki zuciya game da shirun.

Wata huɗu ba abin tayar da hankali ba ne a wannan harka. Aikin wakili na farko shi ne marubutan da ya riga ya ɗauka, takardun baƙi kuwa sai ya samu sarari yake dubawa, kuma akwai waɗanda dubbai ke shigo musu a shekara. Ke ma kin aika a Yuli: Agusta lokacin hutu ne a can, daga nan hankalin kowa ya koma kan baje kolin littattafai na Frankfurt da ake yi a Oktoba. Koma shafin intanet na kowane kamfanin wakilai ki karanta sharuɗansa. Da yawa sun rubuta ƙarara cewa idan mako takwas ko sha biyu suka wuce ba ki ji komai ba, amsar a'a ce. Wannan ɗabi'a ba ta yi mini daɗi, domin wanda ya kwashe shekaru yana rubutu ya cancanci ko layi ɗaya, amma haka suke yi. Wanda ya ce yana amsa wa kowa, ki tuna masa sau ɗaya, a taƙaice, bayan wa'adinsa ya cika. Shafin QueryTracker kuma zai nuna miki tsawon lokacin da sauran marubuta suka jira wakilin.

To, mu zo kan mai neman dala 300. Na gaji da jin wannan labari, kuma na san inda ruɗanin ya samo asali. A Accra mun saba cewa ejan na ɗakin haya ba ya ɗaga ƙafa sai an ba shi kuɗin zuwa gani, ko ɗakin ya yi maka ko bai yi ba. Shi ya sa idan aka ce wa marubucinmu ya biya kafin a karanta, sai ya ga ai haka duniya take. Ba haka harkar littafi take ba. Wakilin gaskiya ba ya cin komai sai ya sayar da littafinki ga kamfanin ɗab'i, sannan ya cire la'adarsa daga abin da aka biya ki: galibi kashi 15 cikin ɗari a kasuwar ƙasarsa, kashi 20 a haƙƙin fassara da na ƙasashen waje. Ƙungiyar wakilan marubuta ta Amurka, AALA, ta haramta wa mambobinta karɓar kuɗin karatu. Ki yi tunani da kyau: mutumin da ke samun dala 300 daga kowane mai aiko takarda, me zai sa ya wahalar da kansa wajen sayar da littafi? Ya riga ya ci ribarsa a jikinki.

Kuma ba ya tsayawa nan. Bayan kuɗin karatu sai kuɗin gyara wurin wani edita da shi ne zai zaɓa miki, sai kuɗin rajista, sai kuɗin lauya. Na ga matan da suka zuba adashensu kaf, na ga saurayin da ya ci bashi a wurin 'yan'uwansa, har yau babu littafi babu kuɗi. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu ba su shawara a unguwa, wai komai na Turawa sai da kuɗi, ko wai sai kana da hanya. Waɗannan ba su taɓa ganin yarjejeniyar littafi da idonsu ba.

Ki lura kuma: shin kin ma taɓa aika wa mutumin nan littafinki? 'Yan damfara yanzu suna aron sunayen wakilai na gaske da hotunansu, su buɗe adireshin imel mai kama da na kamfanin, harafi ɗaya kawai ya bambanta. Yabon da ya yi miki, in kin duba, zai dace da kowane littafi. Ki nemi adireshin kamfanin daga shafinsu na asali ki tambaye su, sannan ki bincika sunansa a Writer Beware, waɗanda suke fallasa irin wannan zamba tun 1998.

Game da ingancin littafin, shiru ba ya auna shi, domin yawancinsu takardarki da shafukan farko kaɗai suka gani. Idan babu wanda ya nemi cikakken rubutun, waɗannan biyun za ki gyara kafin ki aika wa rukuni na gaba. Ki kai su gaban marubutan da ba za su ji nauyin gaya miki gaskiya ba. Ƙungiyar marubuta ta Writers Project of Ghana suna nan Accra, su ne masu shirya bikin adabi na Pa Gya tare da cibiyar al'adun Jamus, Goethe-Institut. Kuma kamfanonin ɗab'i na gida, irin su Sub-Saharan Publishers da Afram, da marubuci suke hulɗa kai tsaye, ba sai da wakili ba, don haka ki tambayi sharuɗansu yayin da kike jiran na waje.