Mu Bar Tsohon Office Mu Koma LibreOffice?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wata cibiyar bincike, kuma har yau Office 2010 ne a kwamfutocinmu. Wani abokin aiki ya nace mu koma LibreOffice tunda kyauta ce, shugabanmu kuma ya ce abin da hannu ya saba ya fi. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Kan Office 2010 dai babu ja-in-ja: tun watan Oktoban 2020 Microsoft ya daina toshe masa kafofin tsaro. Ajiye bayanan bincike a kansa tamkar kwana ne da ƙofa a buɗe.

Amma ni ba Word ne ke tayar mini da hankali ba, Excel ne. Yana da karambanin gyara abin da ba a sa shi ba. Masu nazarin ƙwayoyin halitta sun sha wuya da shi: ka rubuta MARCH1, sunan wata ƙwayar halitta, ya mayar maka da shi ɗaya ga watan Maris, ko sallama babu. Wani nazari na 2016 ya gano irin wannan kuskure a kusan kashi ɗaya cikin biyar na takardun binciken da aka duba. Ƙarshenta a 2020 sai masana suka haƙura, suka sauya wa ƙwayoyin suna, MARCH1 ya koma MARCHF1. Ki ji fa, ɗan'adam ne ya kauce wa manhaja! A shekarar kuma, a Ingila, sakamakon masu cutar korona kusan 16,000 ya salwanta na 'yan kwanaki saboda tsohon tsarin fayil na Excel, wato XLS, ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536.

To, LibreOffice za ta magance wannan? Ba duka ba. Calc ɗinta, wato takwarar Excel, ita ma allon lissafi ce. In kika goge layi bisa kuskure, babu mai sani. Abin da nake ba da shawara shi ne ku ajiye ainihin bayanai a tsarin CSV, wato fayil na zallar rubutu, kada kowa ya taɓa, sannan ku yi lissafi da harsunan kwamfuta na R ko Python. Su ma kyauta ne, kuma kowane mataki a rubuce yake, wani zai iya maimaitawa ya gani.

Rubutun rahoto kuwa, LibreOffice ta wadatar, tana buɗe docx, wato fayilolin Word. Sai dai teburori da jerin gyare-gyare kan karkace in takarda na yawo tsakanin manhajoji biyu. Ku bar kwamfuta ɗaya da sabon Word mai lasisi don takardun da za ku aika wa mujallu.