Amsa: Barin Physics a ajin ƙarshe na sakandare

Malama, kin tambaya ko 'yarki za ta iya ajiye Physics yanzu da ta shiga SS3 saboda yana ba ta wahala, alhali burinta karatun likita ne. Shawarata ita ce kada ta ajiye shi. A jarrabawar JAMB ɗalibi yana rubuta darussa huɗu ne, Turanci dole, kuma mai neman likitanci sauran ukunsa su ne Physics, Chemistry da Biology. Haka ma a WAEC ko NECO, jami'o'i suna neman kiredit biyar, wato waɗannan ukun tare da Turanci da Lissafi, wasu ma sukan ce a zama ɗaya.

Na ga yarinyar maƙwabtanmu da ta ci maki mai kyau a JAMB, amma ta rasa gurbi saboda rashin kiredit a darasi ɗaya tak, ta shekara a gida tana jiran sake jarrabawa. Abin ya taɓa ni ƙwarai.

Ki nema mata malamin lesin tun yanzu, ta riƙa bitar tambayoyin shekarun baya kowace yamma, sannan ku duba kundin kwasa-kwasai na JAMB tare kafin makaranta ta yi musu rajistar WAEC.